Barcin Gaiwa a Dilimi

Bayan an sauko daga Juma'a, Alhaji Sharafaddeen ya biya gida ya ci abinci, ya ɗauki makullinsa, ya je ya buɗe shagonsa na buga takardu da ke bakin titin Dilimi. Sai ya tarar da teburin ciki fayau. Baƙar laftof ɗin da shagon kaf ya dogara da ita babu ita. Ba a fasa kwaɗon ƙofa ba, ba a ɓalle taga ba. A cikinta kuwa akwai aikin ɗaliban jami'a da suka kawo a buga musu, wasu ma babu inda suka ajiye kwafinsa.

Kafin la'asar unguwa ta gama shari'a. Mutanen Dilimi sukan shekara suna tsallake kwatar da ta toshe a ƙofar gidajensu, amma wajen gano ɓarawo babu mai saurinsu, musamman in ɓarawon ba ɗan gidansu ba ne. Makulli biyu ne, ɗaya na Alhaji, ɗaya a hannun Magadaliya, mai buga takardun. Kirista ce daga Angwan Rukuba, ta daɗe tana tsallakowa aiki, har bayan rigingimun da suka sa kowa ya tattara ya koma cikin danginsa. Kowa kuma ya san al'adarta: ranar Juma'a takan rufe shago ta tafi gida kafin sahun masallata ya tare titi.

Ga kuma shaida. Mahdi, ɗan ƙanin Alhaji, wanda ya gama karatu ya dawo yana zaman benci a ƙofar shagon, ya rantse ya gan ta tana shiga keke napep da kwamfutar a cikin jaka.

Washegari da safe Magadaliya ta sauko daga keke da lemarta da ɗan kwanon abincinta, tana gaishe da mutane kamar kullum. Ba ta kai ƙofar shago ba samari suka zagaye ta.

Haladu yana teburin mai shayi ya ji hayaniyar. Dattijo ne dogo, marar fara'a. A ƙuruciyarsa bin sawun shanun sata yake yi a dazukan Barkin Ladi, da gwiwa ta gaza sai unguwa ta naɗa shi shugaban 'yan sintiri. Ya ratsa taron da sandarsa bai ce wa kowa gafara ba. An riga an fizge ɗankwalin matar, wani ya taka kwanon abincinta.

"Wanda ya sake taɓa ta, ni ya taɓa," in ji shi.

"Baba Haladu, ɓarauniya ce fa! An gan ta!"

"Kai ka gan ta?"

"Mahdi ya gan ta."

"To kai Mahdi ne? Ku ba ni zuwa la'asar. In ita ce, ni da hannuna zan kai ta caji ofis. In kuwa kuka zubar da jininta a nan, kun san kafin azahar labari ya isa Angwan Rukuba, kuma kun san akwai masu kekenmu a can yanzu haka."

Wannan ne ya sanyaya su, ba tsoron Allah ba. Ya shigar da ita ɗakin da Tabawa mai abinci take ajiye tukwane, ya ja ƙofa, ya sa Tabawa ta zauna a bakin ƙofar da ludayinta.

Tun a lokacin abu ɗaya ya tsaya masa a rai. Bai taɓa ganin ɓarawon shanu ya dawo ruga da safe yana tambayar an kwana lafiya ba.

A cikin shago babu sawun da zai karanta, don rabin unguwa ta shiga ta fita da taɓon damina a ƙafa. Abin da ya rage kawai wata baƙar igiya ce a maƙale a soket, bakinta yana reto a gefen tebur.

"Wannan fa?"

"Cajar kwamfutar ce," in ji Alhaji. Idanunsa sun yi ja. "Malam Haladu, yarinyar nan na riƙe ta kamar 'yar cikina. Lokacin rikici ni na ɓoye ta a cikin matana. Abin da za ta saka mini da shi ke nan."

"Naka makullin ina yake kwana?"

"A ƙusa, a zaure. In zan shiga wankan Juma'a nakan rataye shi, in na dawo in ɗauka. Gidana babu ɓarawo."

"Ban ce akwai ba."

Mahdi yana tsaye a bakin ƙofa, rigarsa a goge. Haladu ya ce ya maimaita abin da ya gani.

"Baba, ina hanyar masallaci na gan ta. Jakar a kan cinyarta, bakin jakar a buɗe. Na ga gefen kwamfutar, har 'yar fitilar nan tana ƙyaftawa."

"Wace fitila?"

"Wata 'yar ƙarama, a gefen hagu, ruwan lemo. Ta kawo, ta ɗauke, ta kawo, ta ɗauke. Shi ya sa idona ya kai wurin."

"Me ya hana ka tsayar da ita?"

"Na zaci gyara za ta kai. Kawu ai ya sakar mata komai. Ita ke da makulli, ita ke da kujera. Mu 'yan gida kuwa benci."

Alhaji ya harare shi.

Tabawa ba ta jira a tambaye ta ba.

"Malam Haladu, ni dai ban ga komai ba, ina fama da wuta. Amma akwai wani ɗalibi mai tarin gashi da ya zo shekaranjiya yana zage-zage wai an ɓata masa aiki. Sannan akwai Bayarabiyar nan mai gyara, Raliyat, ta Tudun Wada. Ƙawar Magadaliya ce. Ka san masu gyaran nan, su ke sayen na sata su wargaza su sayar da kayan ciki."

"Kin taɓa ganin ta saya?"

"Haka dai ake faɗa."

"Wa ke faɗa?"

"Kai, Malam Haladu, sai ka ce alƙali! Mutane mana."

Ɗalibin bai ci masa lokaci ba. Yana cikin taron, zaune a kan dakali ya haɗa kai da gwiwa, don aikinsa na kammala karatu yana cikin kwamfutar da aka sace. Mai wannan asarar ba shi ne ya ɗauka ba.

Haladu ya shiga wurin Magadaliya. Tana zaune a kan tukunyar da aka kife, ta ɗaura zanin Tabawa a ka. Ba ta kuka.

"'Yata, me ke cikin jakarki jiya?"

"Littafin waƙoƙin coci, Baba, da kwanona. Muna da koyon waƙa ran Juma'a da yamma."

"Ba ki fita da kwamfuta ba?"

"In fita da ita in yi me? Ba ta da batir. Ya mutu tun bara. In ka zare igiya, ta mutu nan take. Na gaya wa oga ya sayi sabo, ya ce sai bayan Sallah. Sallah ta wuce, wata ma ta wuce."

"Mahdi ya san haka?"

"Mahdi ba ya taɓa ta. Ni na hana, don aikin mutane ne a ciki. Tun ranar ba ya amsa gaisuwata."

"Da za ki tashi jiya, yaya kika bar ta?"

"Na sa ta haibanet, kamar kullum, na rufe."

"Me ke nan?"

"Baba, kaina ciwo yake. Ka tambayi Raliyat, ita ta koya mini." Ta ɗago ta dube shi. "Yaran da suka cire mini ɗankwali, akwai wanda na buga wa takardar neman aiki kyauta. Shi ya fara."

Haladu ya ɗauki sandarsa ya nufi Tudun Wada.

Shagon Raliyat a Tudun Wada ɗan ƙuƙut ne, cike da gawarwakin kwamfutoci. Mace ce gajera mai tabarau, da hijabi an naɗe hannunsa. Haladu ya fara zagaya ido a kan kantocin. Ta lura.

"Duba da kyau, Baba. An ce maka ni ke sayen na sata, ko? Kullum haka ne. In abu ya lalace, Injiniya Raliyat. In abu ya ɓace, Bayarabiya."

"Na duba. Yanzu koya mini abu. Mene ne haibanet?"

Ta jawo wata baƙar laftof. "Irin ta shagon Alhaji ce sak, ita ma na cire batirinta. Barci iri biyu ne. Na farko silif. Ka ga aiki a buɗe? Na rufe murfi." Ta rufe. A gefen hagu wata 'yar fitila ruwan lemo ta fara kawowa tana ɗaukewa. "Ba ta mutu ba. Aikin yana riƙe a kanta, tana ɗan shan wuta kaɗan kaɗan don kada ta manta. Kana ɗaga murfi ta farka."

"Kamar saniya a kwance," in ji Haladu. "Ido a rufe, amma tana tuƙa."

"To. Amma saniyar nan da wuta take numfashi." Ta fizge igiya. Fitilar ta ɗauke, ba ta dawo ba. "Shi ke nan. Abin da ba a adana ba ya tafi. Garin nan kuwa ka san yadda ake ɗauke wuta. Shi ya sa na ce wa Magadaliya kada ta yarda da silif. Na hana kwamfutar yin barci da kanta, na fito mata da haibanet, don a ɓoye yake zuwa, sai an nemo shi."

Ta mayar da igiya, ta kunna, ta buɗe aiki, ta danna wani wuri. Fuskar kwamfutar ta yi duhu, ta ɗan yi gurnani, ta yi tsit.

"Wannan kuwa sai ta kwashe duk abin da ke kanta ta zuba a rumbunta na ciki, sannan ta mutu gaba ɗaya. Ba ta shan wuta. Ka zare igiya, ka yi tafiya, ka dawo, ka kunna. Za ta ɗan daɗe kafin ta tashi, amma a inda ka tsaya za ka same ta."

Haladu ya tuna gaiwar da suke tonowa suna yara a busasshen tafki, a dunƙule cikin laka kamar itace, ba motsi, sai ruwa ya sauka ta warware.

"Barcin gaiwa," ya ce. "Fitilar fa?"

"Babu fitila a haibanet. Ko an rufe murfi, babu."

"To in mutum ya ce ya ga fitilar kwamfutar shagon Alhaji tana ƙyaftawa, a ina ya gani?"

Raliyat ta cire tabarau. "Sai dai tana jone da wuta, wani ya kunna ta, ya rufe murfi bai sa ta haibanet ba. Magadaliya ba ta yin haka ko fitsari za ta je."

"Ɗauko wannan, ki biyo ni."

Bayan sallar la'asar aka taru a shagon. Alhaji a kujerarsa, Mahdi a gefensa, Tabawa ta kawo Magadaliya, samari sun cika ƙofa da taga. Da suka ga Raliyat da kwamfuta a hammata sai aka fara, "Ga ta nan! An kamo mai saye!"

"Ba kwamfutar Alhaji ba ce, irinta ce," in ji Haladu. "Ku rufe mana baki. Mahdi, faɗa wa jama'a abin da ka faɗa mini."

Mahdi ya maimaita, har da ƙari. Ya nuna da yatsa yadda fitilar take kawowa tana ɗaukewa a cikin jaka.

"A cikin keke?"

"A cikin keke."

"Keken yana da soket?"

Wani ya yi dariya a taga. Raliyat ta jona kwamfutarta da cajar da aka bari a bango, ta kunna, ta rufe murfi. Fitilar ta fara ƙyaftawa.

"Ita ce?" in ji Haladu.

"Ita ce sak!"

Haladu ya sa hannu ya zare igiyar. Fitilar ta mutu. Ya ɗaga kwamfutar ya juya ta kowa ya gani.

"Wannan ba ta da batir. Ta Alhaji ma batirinta ya mutu tun bara. Alhaji, an gaya maka ko ba a gaya maka ba?"

Alhaji ya gyara zama. "Ta taɓa faɗa."

"To ta yaya fitila za ta ƙyafta a jaka, alhali igiyarta tana nan a bango?"

Mahdi ya ce, "Wataƙila na ruɗe ne. Kullum ina ganin fitilar a nan kan tebur, sai ta zauna mini a ido."

"Na san nan za ka bi." Haladu ya juya wurin Magadaliya. "Nuna musu yadda kike rufe ta."

Aka mayar da igiya, aka kunna. Magadaliya ta matso, ta danna inda ta saba, ta jira har kwamfutar ta yi tsit, sannan ta rufe murfi. Babu fitila. Aka jira. Babu.

"Haka take yi ko da yaushe," in ji Haladu. "Alhaji, tsakaninka da Allah, ka taɓa ganin fitila ruwan lemo tana ƙyaftawa a teburin nan?"

Alhaji ya girgiza kai. "Ban taɓa ba."

"Tabawa, ke da kike kawo abinci shagon nan?"

"Wallahi ban taɓa ba."

"To mutum ɗaya ne a Dilimi ya san launinta da gefen da take. Wanda ya ɗauki makulli a ƙusa ana can ana huɗuba, ya shigo, ya kunna don ya ga abin da aka hana shi taɓawa, ya rufe murfi kamar yadda kowa yake yi, ya tsaya yana kallon fitilar. Sannan ya zare igiya ya cusa kwamfutar a riga. Bai waiwaya ya ga ta mutu ba. Ya bar caja don bai san ba ta aiki sai da ita ba. Mahdi, a wane sahu ka yi sallah jiya? Wa ke damanka?"

Mahdi ya dubi samarin da ke ƙofa. Babu wanda ya ce ni ne.

"Kawu," ya ce, muryarsa ta sirance, "ni fa ba sayarwa zan yi ba. Tana cikin silin ɗin ɗakina. Ni jininka ne, da digirina, ina zaune a benci, wata can tana riƙe da makulli..."

Bai ƙarasa ba, Alhaji ya kife shi da mari.

Haladu ya zaci samarin za su yi kan Mahdi, har ya gyara riƙon sanda. Ashe bai gama sanin unguwarsa ba. Waɗanda da safe suke neman jini sai ga su suna sulalewa ɗaya bayan ɗaya. Wani ya ce sharrin Shaiɗan ne. Wani ya ce rashin aikin yi ne ke lalata yara. Wanda ya fara fizge ɗankwali shi ya fara cewa a rufa wa yaro asiri, ɗan mutunci ne.

Aka je aka ɗauko kwamfutar da ƙurar silin a jikinta. Raliyat ta kunna. Ta tashi fayau. Abin da aka adana yana nan, amma shafukan da Magadaliya take tsakar bugawa jiya, waɗanda ta bari a buɗe, sun tafi da zare igiyar. Na ɗalibin nan mai gashi ne.

Alhaji ya jawo Haladu gefe. "Malam Haladu, maganar nan ta tsaya a nan. Babu caji ofis. Ɗan ƙanina ne." Sannan ya juya. "Magadaliya, sai haƙuri. Abin da ya wuce ya wuce. Jibi ki zo da wuri, aiki ya taru."

Iyakar abin da ta samu ke nan. Ko kallon idonta bai yi ba.

Magadaliya ta zauna a kujerarta. Ta kira ɗalibin, ta karɓi takardunsa na hannu, ta sake buga shafukan da suka ɓace, kowa yana tsaye yana kallo. Da ta gama ta adana, ta zuba masa aikinsa a filas ɗin Raliyat, 'yar ma'ajiyar nan da ake soka wa kwamfuta. Ta sa kwamfutar haibanet, ta jira ta yi tsit, ta rufe murfi. Sannan ta kwance makulli daga bakin zaninta ta ɗora a kai.

"Oga, ka ba Mahdi. Ka kuma sayi batir."

Haladu ya raka ta har inda ake hawa keken Angwan Rukuba. Ruwa ya fara yayyafi, lemarta kuma an karya ta tun da safe.

"'Yata, an wanke ki a gaban kowa. Ki yi tunani."

"Na gode, Baba. Amma da Mahdi bai faɗi launin fitila ba fa? Da ya ce kawai ya ga kwamfuta?"

Haladu ya tsayar mata da keke. Shi ma tambayar da yake yi wa kansa ke nan tun daga Tudun Wada.

"Na zaci gabar nan ta mutu a Dilimi," ta ce. "Ashe murfi kawai aka rufe."

Ta shiga keke. Ya tsaya har ya daina ganin sa. Da ya juyo, daga nesa ya hango shagon a buɗe, an shigar da benci ciki, Mahdi yana zaune a kujerarta, kuncinsa a kumbure, yana neman inda ake kunnawa.